Tilasta wa Shaida Magana a Binciken Haraji: Nazari Kan Sammacin Hukumar Harajin Amurka da Giɓin da ke Dokarmu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ikon da doka take bai wa hukumar haraji na kiran mutum ya zo ya yi bayani ko ya kawo takardu, yana so ko ba ya so. An ɗauki tsarin Amurka a matsayin abin nazari saboda Kotun Ƙolin ƙasar ta shafe shekaru masu yawa tana tace shi, sannan aka gwada shi da hukuncin Kanada na 2002 da kuma tanadin dokokin Nijeriya. Matsayin maƙalar shi ne tilas tana da hujja muddin abin da ake nema shi ne sanin nawa ne harajin, amma da zarar niyya ta koma neman ɗaure mutum, wajibi ne a ajiye wannan iko, kuma alƙali ne ya kamata ya duba ko an kai wannan gaɓa.

1.0 Gabatarwa



Shekarun baya wani ɗalibin da na taɓa koyarwa ya same ni a gida bayan sallar la'asar, riƙe da wata wasiƙa da ya naɗe gida huɗu har ta fara yagewa ta kan naɗin. Shi ne yake riƙe wa wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a sari littafin ciniki. Wasiƙar daga wani ofishin haraji ta fito, da sunansa a jiki, an ce ya bayyana ranar kaza da ƙarfe goma na safe, ya taho da littattafan shago na shekara uku. Ba shi ake bi kuɗin ba, maigidansa ake bi. Ya zauna a bakin tabarma ya ce da ni, "Malam, in na faɗi abin da na sani na ci amanar Alhaji, in na yi shiru kuma ni za a riƙe. Ga shi wasu alƙaluman da hannuna na rubuta su."

Maganarsa ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. Yaron nan an kira shi ne a matsayin shaida, amma yana iya fitowa daga ofishin a matsayin wanda ake zargi, kuma da bakinsa zai gina ramin. Babu wanda ya gaya masa ko yana da damar zuwa da lauya, ko abin da zai faɗa zai iya dawowa kansa a gaban kotu. Tun daga ranar nake bibiyar yadda wasu ƙasashe suka tsara wannan lamari, kuma abin da na tsinta shi na kawo gabanku yau.

2.0 Dalilin tilas

Wanda aka yi wa sata shi yake kai ƙara, ya kuma kawo shaidunsa. Ƙin biyan haraji ba shi da mai kuka. Hujjar tana cikin aljihun wanda ake zargi, ko a durowar akantansa, ko a kwamfutar bankinsa. Tsarin harajin zamani kuwa ya ginu ne a kan mutum ya ƙiyasta wa kansa abin da ya samu ya bayyana. Idan hukuma ba ta da hanyar cewa "kawo mu gani", to mai albashi da ake yanke wa tun kafin kuɗin ya shigo hannunsa shi kaɗai zai riƙa biya, attajiri kuma ya rubuta abin da ya ga dama. Saboda haka ni ban ga laifin ikon a karan kansa ba, kuma ina ganin duk mai son adalci tsakanin masu biyan haraji dole ya yarda da shi.

Mu a nan ƙasar Hausa muna da tarihin da ya sa kalmar haraji ba ta yi mana daɗin ji. Dattawanmu suna tuna zamanin En'e, lokacin da mai unguwa da dagaci suke ƙirga kawuna, makiyayi kuma yake kora garkensa nesa idan lokacin jangali ya ƙarato. Gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna sun soke haraji da jangali a 1979, amma tsoron mai karɓa bai gushe daga zukata ba. A ɗaya ɓangaren kuma tarbiyyarmu ta addini ba ta yarda da ɓoye shaida ba. Aya ta 282 da ta 283 na Suratul Baƙara sun wajabta wa shaida amsa kira, sun hana shi ɓoye abin da ya sani. Abin da ake yawan mantawa shi ne aya ta 282 ɗin ta haɗa da hana cutar da shaidan da marubucin. Wajibci da kariya tare suka zo, kuma da wannan ma'auni nake duban dokokin da za su biyo baya.

3.0 Sammacin Hukumar IRS

Sashe na 7602 na kundin dokokin harajin Amurka ya bai wa hukumar tara haraji ta ƙasar, wato IRS, ikon duba littattafai da takardu, da aika sammaci ga wanda ake bi haraji, ko ma'aikacinsa, ko duk wani wanda yake riƙe da takardun da suka shafe shi, ya zo ya ba da shaida bisa rantsuwa. Iko ne mai faɗi ƙwarai. Sai dai akwai wani abu guda da ya bambanta shi da abin da muka saba gani: sammacin ba ya zartar da kansa. Idan wanda aka kira ya ƙi zuwa, jami'in haraji ba shi da ikon kama shi ko rufe masa shago a kan haka. Sashe na 7604 ya ce sai gwamnati ta je kotun tarayya ta nemi alƙali ya ba da umarni. A can ne mutum zai faɗi dalilinsa na ƙi. In alƙali ya ce ya amsa, ya kuma ƙi, to a nan ne laifin raina kotu zai hau kansa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan tsari a shari'ar Reisman ta 1964.

A wannan shekarar dai aka yanke hukuncin da har yau shi ne ginshiƙi, wato shari'ar Powell. Max Powell shugaban wani kamfanin wanki da guga ne mai suna William Penn Laundry. Hukuma ta riga ta duba takardun kamfanin na 1958 da 1959, wa'adin shekara uku na sake ƙiyasi kuma ya wuce, sai in an samu zamba. Jami'i ya ce yana zargin zamba, ya nemi a sake kawo littattafan. Powell ya ce sai an fara nuna masa hujjar zargin. Kotu, ta bakin Mai Shari'a Harlan, ta ce ba a buƙatar hukuma ta kawo irin hujjar da ɗan sanda yake kawowa kafin a ba shi izinin bincike. Abin da ake nema daga gare ta shi ne ta nuna manufar binciken halastacciya ce, abin da take nema yana da alaƙa da wannan manufa, ba ta riga ta mallaki bayanan ba, kuma ta bi matakan da doka ta shimfiɗa. Kotun ta ƙara da cewa alƙali ba zai bari a yi amfani da shi don musguna wa mutum ko matsa masa ya sasanta wata rigima daban ba.

A aikace nauyin da ke kan hukuma ba shi da yawa. Takardar rantsuwa daga jami'in da ke binciken kan wadatar, daga nan sai nauyi ya koma kan mai ƙin amsawa. Da wuya a ga wanda ya yi nasara. Amma ƙofar ba a rufe take ba. A shari'ar Clarke ta 2014 alƙalan duka tara sun ce mutum yana da damar yi wa jami'in tambayoyi a gaban kotu idan ya nuna wasu tabbatattun alamu da za su sa a yi zaton mugun nufi. Zargi kawai ba ya isa. A ganina amfanin wannan tsari ya fi yawan shari'o'in da aka ci ta hanyarsa, domin jami'in da ya san wata rana za a iya rantsar da shi a tambaye shi dalilin sammacinsa, zai yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu.

3.1 Sammacin Wane

A watan Nuwamba na 1970 wani banki a garin Middlesboro na jihar Kentaki ya kai ajiya sau biyu ga reshen babban bankin ƙasar, kowace ajiya da dala 20,000 a cikinta 'yan ɗari-ɗari. Takardun kuɗin sun yi laushi, sun siraɗe, suna marmashewa, irin na kuɗin da ya daɗe a ɓoye a wurin da bai dace ba. Duk wanda ya taɓa ganin kuɗin da aka tono daga tukunya ko ƙarƙashin katifa ya san kamannin. Hukumar haraji ta yi zaton akwai wanda ya tara kuɗin bai biya haraji a kansu ba, amma ba ta san ko wane ne ba. Sai ta aika wa wani jami'in bankin mai suna Bisceglia sammaci ya kawo takardun da za su nuna wanda ya shigo da su. A 1975 Kotun Ƙoli ta ce sammacin ya halatta ko da babu sunan wanda ake bincika. Amurkawa suna kiran irinsa da sunan John Doe, wanda a bakinmu daidai yake da a ce sammacin Wane.

Majalisar dokokinsu ba ta bar abin haka ba. A 1976 ta kafa sashe na 7609. Daga lokacin, sammacin Wane ba ya fita sai alƙali ya amince tun da farko, bayan an nuna masa cewa rukunin mutanen da ake nufi sananne ne, akwai dalilin zaton sun saɓa doka, kuma babu wata hanya mai sauƙi ta samun bayanan. Sashen ya kuma ce idan an aika wa banki ko wani na gefe sammaci game da mutum mai suna, wajibi ne a sanar da mutumin, yana da kwana 20 ya je kotu ya nemi a soke.

Da wannan makami aka fasa sirrin bankunan Suwizalan. A 2008 kotu ta amince da sammacin Wane a kan bankin UBS. A 2009 bankin ya biya dala miliyan 780 don kauce wa gurfana, daga baya kuma gwamnatocin biyu suka daidaita a kan miƙa bayanan asusu kimanin 4,450. Da aka juya kan kuɗin intanet, hukumar ta nemi kamfanin Coinbase ya ba ta bayanan abokan cinikinsa na 2013 zuwa 2015. A 2017 kotu ta amince, amma bayan an taƙaita buƙatar ga masu hada-hadar da ta kai dala 20,000 a shekara, ta kuma rage irin takardun da za a miƙa. Nan ma alƙali ne ya tsaya a tsakani.

Kariyar tana da ɓaraka. A shari'ar Polselli ta 2023 Kotun Ƙoli ta ce idan an riga an tsayar da bashin haraji, ana neman inda dukiyar take ne don a karɓa, ba sai an sanar da kowa ba, ko da asusun matar mutumin ko na lauyoyinsa ake dubawa. Na fahimci dalilin, domin sanarwa tana iya sa a kwashe kuɗin cikin dare. Amma matar da ba ta ci bashin kowa ba ta rasa damar da za ta ce uffan, kuma wannan yana damuna.

3.2 Wanda zai tona wa kansa asiri

Gyara na Biyar na kundin tsarin mulkin Amurka ya hana a tilasta wa mutum ya zama shaida a kan kansa a shari'ar laifi. Tun a 1927, a shari'ar Sullivan, wani mai fataucin barasa a zamanin da aka haramta ta ya ce ba zai cika takardar haraji ba don za ta fallasa sana'arsa. Kotu ta ce wannan kariya ba ta ɗauke masa wajibcin cika takardar ba. Haka abin yake a sammaci: dole mutum ya bayyana, sannan a kan kowace tambaya da amsarta za ta iya jefa shi cikin tuhuma ya ce ba zai amsa ba. Idan gwamnati ta nace sai ta ji, hanyar da ta rage mata ita ce ta ba shi kariyar cewa ba za a yi amfani da maganarsa, ko abin da aka gano ta dalilinta, a tuhume shi ba, kamar yadda shari'ar Kastigar ta 1972 ta amince.

Takardu kuwa labarinsu daban ne. A shari'ar Couch ta 1973 wata mai gidan abinci da ta saba miƙa wa akantanta littattafai ta rasa damar hana a karɓe su daga hannunsa, domin shi ake tilasta wa, ita ba a taɓa ta ba. A shari'ar Fisher ta 1976 kotu ta ce abin da aka riga aka rubuta da son rai ba shaidar tilas ba ce, ko da yake miƙa takardar da hannunka yana iya zama ikirarin cewa tana nan kuma taka ce. A 1984, a shari'ar Arthur Young, aka ce babu wani sirri tsakanin mai binciken asusu da kamfanin da yake bincika irin wanda ke tsakanin lauya da wanda yake karewa. A 1988 kuma shari'ar Braswell ta ce mai riƙe da takardun kamfani ba zai ƙi miƙa su ba ko da za su cutar da shi. Da ɗalibin nan nawa a Amurka yake, littattafan shagon sai ya miƙa su. Amma da an tambaye shi wa ya sa shi rage alƙaluman, yana da damar kame bakinsa, kuma yana da damar zuwa da lauya ya zauna a gefensa.

4.0 Inda tantancewa take komawa farauta

Ga gaɓar da ta fi kowace wuya. Jami'in da ya fara da neman sanin adadin haraji yana iya gano zamba a tsakiyar aiki. Idan ya ci gaba da amfani da ikon tilas yana tara hujjar da za a ɗaure mutum da ita, to ya samu abin da ɗan sanda ma ba shi da shi.

Amurka ta ja layinta a wuri mai sauƙin gani. Bayan shari'ar LaSalle ta 1978, majalisa ta yi gyara a 1982 ta ce da zarar an miƙa batun mutum ga Ma'aikatar Shari'a don gurfanarwa, hukumar haraji ba za ta ƙara aika sammaci a kansa ba. Sauƙin ganin layin shi ne kuma rauninsa, domin hukumar ce da kanta take zaɓar ranar miƙawa, tana iya jinkirtawa har ta gama tara abin da take so.

Kanada ta fi burge ni a nan. A shari'ar Jarvis ta 2002, wata wasiƙa marar suna ce ta sanar da hukuma cewa wani mutum ya sayar da zane-zanen marigayiyar matarsa bai bayyana kuɗin ba. Aka fara da tantancewa, daga baya aka tura fayil ɗin sashen binciken laifi ba tare da an gaya masa ba. Kotun Ƙolin ƙasar ta ce abin dubawa shi ne manufar da ta rinjaya a binciken. Da zarar ta koma neman tabbatar da laifi, ikon tilas na dokar haraji ya tsaya, sai a gargaɗi mutum, a kuma nemi izinin bincike daga alƙali kamar kowace tuhuma. Abin da aka samu kafin wannan gaɓa ana iya amfani da shi, abin da aka tilasta bayanta kuma an saɓa wa haƙƙin mutum wajen samunsa. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ma ta bi kusan wannan hanya. A 1993 ta ce Faransa ta keta haƙƙin wani mai suna Funke da aka ci tara don ya ƙi miƙa wa jami'an kwastan bayanan asusunsa na ƙasar waje, a 2001 kuma ta yanke irin wannan hukunci a kan Suwizalan a wata shari'ar ƙin biyan haraji.

5.0 Dokarmu

Sashe na 26 na tsohuwar dokar da ta kafa hukumar harajin tarayya, wato FIRS, a 2007 ya ba ta ikon aika takarda ga mutum ya bayyana da kansa gaban jami'i a yi masa tambayoyi, ya kawo littattafai, ya ba da bayani da baki ko a rubuce, cikin wa'adin da bai gaza kwana 7 ba. Jadawali na biyar na dokar ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, wadda take da zama a Kaduna da Bauci da Jos da wasu birane, ikon kiran shaida ta rantsar da shi. Dokar ta kuma yarda hukumar ta ɗauki lauyoyinta su gurfanar da masu laifin haraji, ƙarƙashin ikon Antoni Janar. Ke nan mai tantancewa da mai bincike da mai gabatar da ƙara duk 'yan gida ɗaya ne. A Amurka ranar miƙa fayil ga wata ma'aikata daban ita ce iyaka. A nan fayil yana iya tashi daga wannan ofis zuwa na kusa da shi ba wanda ya sani.

Za a ce ai kundin tsarin mulki na 1999 ya tanadi kariya. Gaskiya ne, amma a duba wa ya kare. Sashe na 35(2) ya ba da damar yin shiru ga wanda aka kama ko aka tsare. Sashe na 36(11) ya hana tilasta wa wanda ake yi wa shari'ar laifi ya ba da shaida a zaman shari'ar. Sashe na 183 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce ba a tilasta wa mutum amsar da za ta jawo masa tuhuma, sai dai ya rataya hakan a kan ganin kotu. Ɗalibina ba a kama shi ba, ba a gurfanar da shi ba, ba kuma a gaban alƙali yake ba. Gayyatarsa aka yi zuwa ofis, doka ta ce ya amsa, kuma duk waɗannan sassa uku babu wanda ya ambaci irin wurin da yake zaune.

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka maye gurbin FIRS da Hukumar NRS, suka kuma samar da ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Gyara irin wannan zai shigo da dubban ƙananan 'yan kasuwa cikin lissafi, kuma kowannensu yana da yaron shago, da mai riƙe littafi, da mai POS da yake turo masa kuɗi. Waɗannan su za a riƙa kira. Abin da nake roƙo ga kotunanmu da masu tsara ƙa'idojin aiki shi ne a ɗauki ma'aunin Kanada a haɗa da matakin Amurka. Kada hukunci ya hau kan wanda ya ƙi amsa kira sai alƙali ya saurare shi. A wajabta wa jami'i ya rubuta a fayil ranar da ya fara zargin laifi, daga wannan rana kuma abin da aka samu ta hanyar tilas kada kotu ta karɓe shi a tuhumar wanda ya faɗa. Takardar gayyatar kanta ta bayyana ko shaida ake kiran mutum ko wanda ake zargi, ta gaya masa yana iya zuwa da lauya, kuma a rubuta ta da harshen da yake karantawa. Wadda aka aiko wa ɗalibina da Turanci take, sakin layi biyu, kuma rabin na biyun gargaɗin hukunci ne.